Ya Ɓuya Bayan Waya Ya Ƙwace Wa 'Yarsa Nasara

Anti Kadijatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da nake ji game da maigidana ya kai matsayin da idan ya sha ruwa a kofi, sai na wanke kofin kafin in iya kai shi bakina. Ban taɓa zaton zan ji haka game da shi ba, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan ba tare da maganar ta zagaya ba.

Daga Birnin Gwari nake rubuto miki. Ni malamar firamare ce, shi kuma yana koyar da lissafi a wata sakandare. Aurenmu ya haura shekara ashirin, 'ya'yanmu biyar, ban taɓa kai ƙararsa ko wurin mahaifiyata ba. Ki ɓoye sunana. Sunayen da zan ambata ma duk na canja su.

Maigidana mai son wasan ces ne, darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki. Tun yana karatu a Zariya ya koya, bayan aurenmu ni ma ya koya mini, ko da yake ban yi nisa ba. A shekarun da gari ya rikice, gonarmu ta Gayam ta gagara zuwa, har layin waya aka yanke mana, wasan nan ne ya riƙe mana yara a gida. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jera alluna, yaran maƙwabta suka riƙa shigowa bayan la'asar. A cikinsu duka babu wanda ya kai 'yarmu ta uku, wadda zan kira Raudatu. Shekarunta goma sha biyar yanzu. Ta daɗe da fin ƙarfina, shi kansa uban nata sai ya zauna da kyau kafin ya ci ta. Mai bi mata ita ce ƙawarta Peculiar, 'yar maƙwabciyarmu Comfort, mutanen kudancin Kaduna ne da suka daɗe a unguwarmu. Tare yaran nan suka tashi, kwano ɗaya suke ci.

Akwai wata doka a wasan da sai na yi miki bayaninta kafin ki gane abin da ya yi. Idan 'ya'yan wasa suka koma daidai yadda suke a kan allo har sau uku, mai wasa yana da damar ya ce a tashi canjaras. Sau uku, Anti. Ina tankaɗe ko ina wanke-wanke na sha jin shi yana koya wa yara cewa idan lokaci ya matse ka kuma kai ke da rinjaye, ka maimaita taku sau ɗaya ka samu ka numfasa, amma kada ka bari a kai na uku. Kuma da bakinsa ya gargaɗe su cewa manhajar nazarin wasa da ke cikin wayarsa tana da gaggawa: da zarar ka yi takun da ya mayar da allo yadda yake a baya, ko a karo na biyu ne, sai ta nuna sifili, wato babu mai rinjaye. Har dariya yake yi mata, yana cewa kada su biye mata.

A watan jiya aka shirya gasa tsakanin 'yan matan makarantun garinmu, don a fitar da mutum ɗaya da za ta je babbar gasa a Kaduna. Da yake babu wanda ya kai shi sanin dokokin, shi aka naɗa alƙalin wasa. Wasan ƙarshe ya faɗo tsakanin Raudatu da Peculiar. Peculiar tana gaba da ɗan maki kaɗan, canjaras ya ishe ta. Ita kuwa Raudatu dole sai ta ci.

Ina wurin, ina tsaye a bayan benci tare da sauran iyaye. Raudatu ta yi wasa mai kyau ƙwarai. Ta cinye wa Peculiar manyan 'ya'ya, ta kora sarkinta lungu, duk wanda ya san wasan ya ga an gama. Sai dai lokacin da agogon wasan ya ba ta ya kusa ƙarewa. Sai ta yi abin da ubanta ya koya mata: ta kai sarauniya ta tsare sarki, ta dawo, ta sake kaiwa. Allo ya koma yadda yake a karo na biyu. Na ga ta ja numfashi, ta gyara zama, ta miƙa hannu za ta yi takun da zai ƙare wasan.

Kafin hannunta ya taɓa komai, sai ya dakatar da agogo. Dama tun farkon wasan yana shigar da takunsu cikin wayarsa. Ya ɗaga wayar sama ya juya ta ga mutane, ga sifili ɓaro-ɓaro, ya ce an maimaita, wasa ya tashi canjaras. Raudatu ta ɗago kai ta ce masa sau biyu ne. Ya ce mata waya ba ta kuskuren ƙirga. Peculiar ta ce ita ba ta ƙirga ba, hankalinta yana kan sarkinta. Yawancin iyayen da ke wurin ba su san dokar ba, abin da suka gani kawai uba ya yanke hukuncin da bai yi wa 'yarsa daɗi ba. Sai aka ɗauki tafi. Shugaban wata makaranta har ya tashi ya yi jawabi a kan adalcinsa, shi kuma yana sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar yabo.

Ni ma sau biyu na ƙirga, amma na ce wa raina wataƙila idona ne. Washegari na jera 'ya'yan a kan allo yadda na bar su a wurin gasar, na shigar da hoton allon cikin tawa wayar, ba tare da tarihin takun da aka yi ba. Irin manhajarsa ce, shi ya saka mini. Ta ce Raudatu ce ke da nasara, nasara ma ba ƙarama ba. Na kai wa wata abokiyar aikina da ke da wata manhajar daban, muka shigar da wasan tun daga farko, da taimakon takardar da yaran ke rubuta takunsu. Ita ma ta ce Raudatu ce. Kuma a takardar, sau biyu ne. Allo ɗaya, tasa ta ce sifili, waccan ta ce nasara. Abin nan da mutane suka tsaya suna yi wa tafi kamar hukunci daga sama, ashe bakinsa ma ba ɗaya ba ne.

Na same shi da hantsi yana wanke babur, yara sun fita. Na faɗa masa abin da na gano. Anti, na so ƙwarai ya ce kuskure ya yi. Na so ko musu ya yi mini. Bai yi ba. Ya ci gaba da goge taya, ya ce ya sani, kuma da gangan ya yi. Ya ce ba zai ɗora 'yarsa a mota ta ratsa dajin nan zuwa Kaduna saboda wasa ba. Ya tuna mini da ƙanensa Naziru, wanda aka tare a hanyar a shekarun baya, aka shige da shi daji watanni, wanda har yau idan aka buga ƙofa da ƙarfi sai jikinsa ya ɗauki rawa. Shi ya je ya karɓo shi a bakin daji, shi ya ga yadda ya fito. Ya ce da ya bari ta ci sannan ya hana ta tafiya, da ta riƙe shi a zuciya har abada, gara ta ɗauka wasa ne ya zo da haka.

Har ga Allah, a nan zuciyata ta fara yin sanyi, domin ni ma na ga Naziru. Sai na tambaye shi, ita Peculiar fa, ta wace hanya za ta bi? Ya ce iyayenta su suka san yadda za su yi da 'yarsu. Ya faɗi haka yana matse tsumma.

Tun daga wannan maganar nake ƙyamarsa. Yarinyar da ta girma a tsakar gidanmu, wadda take kiransa Baba, ya tura ta hanyar da yake ganin mutuwa ce, ya kuma karɓi tafi a kai. Bayan kwana biyu Comfort ta shigo mana da faten acca cike da kwano, tana murna, tana yi masa godiya cewa bai duba addini ko jini ba ya tsaya kan gaskiya. Ya zauna ya ci faten nan har da neman ƙari. Ni kuwa na shige ɗaki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Raudatu. Ta ɗauki wayarsa ta duba nazarin wasan, ta ga manhajar ta yi wa takunta jan alama, lambar ta faɗo daga sama zuwa sifili. Ta yarda ita ce ta zubar da wasan da hannunta. Ta naɗe allonta ta cusa ƙarƙashin gado. Abinci sai an matsa mata. Rannan ina tsefe mata kai ta ce mini, ashe ko ƙirga uku ba ta iya ba, me ya kai ta wasan masu hankali. Yana zaune a kan tabarma yana ji, bai ɗago kai ba. Da Peculiar ta shigo neman su yi atisaye tare, sai ta ce kanta ke ciwo.

Yanzu mutane na cewa hanya ta yi sauƙi, motoci na bi, har kasuwa ta fara cika. Ni ban sani ba. Wataƙila da ya zaunar da ni ya ce kada ta je, da na goyi bayansa. Amma bai tambaye ni ba, bai tambaye ta ba, ya bar waya ta yi masa ƙarya.

Gasar Kaduna wata mai zuwa ce. In faɗa wa Raudatu gaskiya, in rushe mata ubanta? In je in sami Comfort? In rubuta wa masu shirya gasar, in kunyata shi a garin da kowa ke ganin girmansa? Wani lokaci ji nake in kwashe kayana in tafi Kuyello wurin iyayena in huta da ganin fuskarsa. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ban san inda zan yanke ba.

Maman Raudatu, Birnin Gwari.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki ajiye kayanki tukuna, Kuyello ba ta da maganin wannan.

Ni ban iya ces ba, don haka na kai wasiƙarki, bayan na cire abin da zai nuna ko ke wace ce, wurin wani dattijo da ya daɗe yana alƙalancin wasan, Malam Abarshi. Ya ce ƙirgarki daidai ce, kuma laifin ya fi yadda kika zata. Ba sau uku kaɗai doka ta nema ba, sai ɗaya daga cikin masu wasan ya buɗe baki ya nemi canjaras ɗin. Alƙali ba ya tsoma baki da kansa sai an maimaita har sau biyar. Ko da sau uku Raudatu ta yi, tun da Peculiar ba ta nema ba, ba shi da hurumin taɓa agogo.

Game da manhajar, ya ce kada ki ɗora mata abin da ba nata ba. Ba alƙali ba ce, aikinta hange. Tana duba hanyoyi masu ɗimbin yawa a cikin ƙiftawar ido, kuma don kada ta yi ta zagaye a wuri ɗaya, waɗanda suka ƙera wasu daga cikinsu sun koya musu cewa duk takun da ya mayar da allo yadda yake a da, a ba shi sifili a wuce, bisa tunanin cewa wanda ya maimaita sau ɗaya zai iya ci gaba da maimaitawa. Wasu kuma suna jira sai na uku idan a wasan gaske aka yi maimaicin. Shi ya sa ta maigidanki da ta abokiyar aikinki suka saɓa. Idan kuma hoton allo kaɗai aka ba ta, ba ta san an taɓa zuwa wurin ba, sai ta faɗi abin da ta gani. Ya ce haka take yi da wata dokar canjaras ɗin, ta taku hamsin ba tare da an ci ɗa ko an motsa ƙaramin soja ba: in ba a gaya mata inda ƙirga ta kai ba, daga farko take farawa. Sifilin nan ra'ayi ne a kan taku ɗaya, ba hukuncin wasa ba ne. Maigidanki ya san haka tun kafin ni da ke mu sani.

Ban ji ta bakinsa ba, amma idan yadda kika faɗa ne, ni ma abin ya ɓata mini rai. Ya ci amanar kujerar da aka ɗora shi a kai, ya sa 'yarsa ta raina hankalinta, ya bar maƙwabciya tana gode masa a kan abin da ba ta san cikinsa ba. Ba zan ce miki ƙyamar da kike ji ba ta da dalili ba.

Sai dai ki dubi mutumin da kyau. Wanda ya je bakin daji ya karɓo ƙanensa a irin wannan hali bai dawo gida yadda ya tafi ba, ko da bai taɓa faɗa miki ba. Tsoronsa na gaske ne, kuma yana da haƙƙin ya ce 'yarsa ba za ta bi hanyar ba. Abin da ya rasa shi ne ƙarfin halin faɗin haka da bakinsa ya jure fushinta. Maganar da ya yi a kan Peculiar mummuna ce, amma ina zaton ta mutumin da aka ritsa ce, wanda bai bar kansa ya yi tunanin abin ba sai da kika tambaya. Shekara ashirin da kika yi ba ki kai ƙararsa ba su ma shaida ne.

Ke ma ina da magana da ke. Kina wanke kofi kina shigewa ɗaki, ita kuwa yarinyar tana nan tana kwana tana tashi da ƙaryar. Fushin da kike yi a ɓoye bai rage mata komai ba. Tambayarki ko za ki rushe mata ubanta ta zo a makare, domin wadda ake rushewa a yanzu ita ce. Kuma yarinya mai irin kaifinta, wata rana za ta jera allon nan ta ƙirga da kanta. Idan ta gano ke ma kin sani kin yi shiru, ku biyu za ta rasa.

Ki koma wurinsa cikin kwanakin nan, ba da faɗa ba. Ki ce masa Raudatu za ta ji gaskiya kafin mako ya fita, kuma kin fi so ta ji daga bakinsa, kina zaune. Ya gaya mata ƙirgarta daidai ce, wasanta daidai ne, shi ne ya ji tsoro, ya kuma nemi gafararta. Uba ba ya raguwa don ya nemi gafarar 'yarsa. Za ta yi fushi, ku bar ta ta yi. Idan ya ƙi, ki sanar da shi cewa ke za ki faɗa mata, sannan ki faɗa, ba tare da zagi ko ƙari ba. In kina ganin ba zai saurare ki ke kaɗai ba, ki nemi babba ɗaya a danginsa wanda yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri.

Bayan haka ku je gidan Comfort tare, ku biyu. Tana da haƙƙin ta san yadda 'yarta ta samu gurbin, tana kuma da haƙƙin ta ji cewa mutumin da ya fi kowa sanin tafiyar yana tsoron hanyar. Ku kula da Peculiar a cikin maganar, ba ta yi komai ba, kada a bar ta da jin kamar ta saci wani abu.

Kada ki rubuta wa masu shirya gasar a bayan idonsa. Shi ya yanke hukuncin, shi zai rubuta ya ce alƙali ya yi kuskure a wasan ƙarshe, ya roƙi a karɓi yaran biyu. Malam Abarshi ya ce ba abin mamaki ba ne a amince, tun da ba kowace shekara ake samun 'yan mata daga wajenku ba. In an ƙi, a sake wasan a gaban wani alƙalin, kuma waya ta zauna a aljihu har a tashi. Ba sai an tara gari an tona shi ba, amma kada ya sake alƙalancin wasan da 'yarsa ke ciki.

Maganar hanya kuwa, ni da ke zaune a Kaduna ba zan ce muku ku bi ko kada ku bi ba. Ku tambayi direbobin da ke binta kullum, ku zauna gida biyun ku yanke shawara ɗaya a kan yaran biyu. In za a je, a fita da safe cikin ayarin motoci, shi kuma ya shiga motar ya zauna tare da su. In ba za a je ba, a gaya musu dalili a fili, su san cewa daji ne ya hana su, ba rashin iyawa ba.

Ƙyamar da kike ji ba za ta tafi don na ce ta tafi ba. Ki lura da abin da zai yi a makon nan, shi zai nuna miki ko mijin da kika sani yana nan. Allah ya ba shi ƙarfin halin buɗe baki, ya sanyaya miki zuciya, ya tsare muku yaran nan biyu duk inda suka sa ƙafa, ya kuma zaunar da garinku lafiya.

Anti Kadijatu.